Makarantar Damana: Abin Da Uba Ke Koya Daga Ƙaramin Ɗansa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya sanya ƴaƴa sanyin ido ga iyaye, Ya kuma sanya su jarrabawa gare su. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi sawunsu har ranar sakamako.

Bayan haka:

Idan aka ambaci tarbiyya, hankalin mutane yakan tafi gefe guda: babba yana bayarwa, yaro yana karɓa. Wannan gaskiya ne, amma akwai saura. Ma'abota tafarki sun san cewa Allah Yakan yi wa bawanSa tarbiyya ta hannun wanda bai taɓa zata ba. Shehi yana ba da wuridi, ya nuna hanya, ya yi addu'a, sai dai ba a zawiya ake auna abin da muridi ya samu ba. A zawiya kowa natsattse ne, kowa mai sunkuyar da kai ne, domin wurin ne yake ɗauke da mutum. Ma'auni yana gida. Kuma a cikin gida babu ma'aunin da ya kai ƙaramin yaro, wanda bai san rawani ba, bai san muƙami ba, bai san cewa ana kiran ubansa malam ana sumbatar hannunsa a waje ba.

Mafi yawan iyaye maza ba su samun zama da ƴaƴansu ƙanana. Sukan fita yaro yana barci, su komo yana gyangyaɗi. Amma a ƙasar nan akwai lokaci guda da yakan haɗa su: babban hutun makarantun boko, wanda yake faɗowa daidai da damana, daga Yuli har ƙarshen Satumba. A ɗauki misalin wani uba, irinsa kuwa suna da yawa: malamin makaranta ne a Maraɗi, ma'abocin wuridi, mai kiyaye jam'i. Maiɗakinsa ta haihu, ta tafi wankan jego gidan iyayenta. Shi kuma ya koma ƙauyensu wajen Tasawa don noma gonar gado, ya tafi da ɗansa mai shekara 4, wurin tsohuwar mahaifiyarsa. Tsohuwa ƙarfinta ya tafi, ba ta iya bin yaro. Ke nan daga asuba har dare yaron yana hannun ubansa, wata uku cur. Ya tafi da niyyar ya yi noma, ya ƙara yawan zikiri, ya kuma koya wa yaro wani abu. Ga abin da ya tarar.

Tafiyar da ta ƙi ƙarewa

Daga gida zuwa gona, idan shi kaɗai ne, tafiya ce ta ɗan lokaci. Da yaro kuwa sai hantsi ya ɗaga ba su kai ba. Yaro ya tsaya ya duƙa kan jerin tururuwa, yana son ya san inda za su. Ya ga shamuwa a kan bishiya, ya tsaya. Ya ji kukan kwaɗi a tabki, ya ja hannun uba. Kowane abu da tambayarsa: "Baba, wa ya koya musu hanya? Baba, ina ruwan sama yake kwana?" Kwanakin farko uba ba ya da amsa sai "Taho mana, rana tana yi."

Wata rana ya gaji da ja, ya duƙa tare da shi. Sai ya ga tururuwa tana jan ƙwayar da ta fi ta girma, ta faɗi, ta sake ɗauka, ba ta fasa ba. Ya fi shekara 30 yana bin wannan hanya, bai taɓa ganin abin da ke ƙarƙashin ƙafarsa ba. Ya karanta ayoyin da suke kira zuwa duban halittar sammai da ƙasa, da saukar ruwa, da rayar da ƙasa bayan mutuwarta, ya ma karantar da su. Amma ashe karatu yake, ba dubawa ba. Yaron da bai haddace aya ko guda a kan tafakkuri ba, shi ne yake yin tafakkurin.

Sufaye suna kiran mutumin kirki ɗan lokacinsa, wato wanda zuciyarsa take tsaye a kan abin da Allah Ya ajiye shi a ciki yanzu, ba ta tafi jiya tana baƙin ciki ba, ba ta tafi gobe tana fargaba ba. Babba yakan sha wuya shekara da shekaru kafin ya ɗanɗani wannan hali. Yaro kuwa da shi aka haife shi. Bambancin dai shi ne yaro yana cikinsa ba da sani ba, shi kuwa babba ana son ya komo cikinsa da sani, yana gane Wanda ke bayan tururuwa da shamuwa. Sannu ba ta hana zuwa. Gonar ba ta gudu ba, kuma noman bai lalace ba don an makara da ɗan lokaci.

Ranar da aka katse wuridi

Wannan shi ne darasin da ya fi ɗaci. Uba ya idar da sallar asuba, ya zauna kan buzu, ya fuskanci alƙibla, ya ɗauki tasbaha. Bai yi nisa ba sai ga yaro ya farka. Ya haye bayansa, ya ja hula, ya kama tasbaha yana son ya ƙirga. Aka yi masa nuni da hannu, bai gane ba. Aka zare masa ido, ya ɗauka wasa ne. Can sai uba ya daka masa tsawa, ya ture shi gefe. Yaro ya tafi bayan rumbu yana kuka, shi kuma ya ci gaba da ambaton Mai rahama Mai jin ƙai.

A nan ne ya kamata mai hankali ya tsaya. Harshe yana neman gafara, hannu kuwa yanzu ya ture wanda bai yi laifi ba, domin an ɗauke alƙalami daga yaro har ya balaga. Harshe yana salati ga Annabin rahama, zuciya kuwa tana tafasa. To, fushin nan don wa aka yi shi? Idan aka bincika da gaskiya, za a tarar ba don Allah ba ne. Rai ne yake jin daɗin zamansa, da natsuwarsa, da ganin kansa cikin masu zikiri, sai aka taɓa masa abinsa. Wannan ɓoyayyen son rai ba ya fitowa a zawiya, domin can babu mai jan hular kowa.

A dubi Wanda ake wa salatin. Imamun Nasa'i ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya taɓa tsawaita sujada yana limanci, har sahabbai suka zaci wani abu ya faru ko wahayi ake yi masa. Da ya sallame sai ya bayyana musu cewa jikansa ne, Hasan ko Husaini, ya hau bayansa, shi kuwa bai so ya gaggauta shi kafin ya ƙoshi da hawan ba. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Ƙatada cewa ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama ƴar Zainab, idan zai yi sujada ya ajiye ta, idan ya miƙe ya ɗauke ta. An kuma ruwaito cewa yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan jariri, ya taƙaita don kada uwar ta shiga damuwa. Babu wanda ya kai shi halartar zuciya a gaban Ubangiji, amma yaro bai zame masa shamaki ba. Wanda yaro ɗan shekara 4 ya iya raba shi da natsuwarsa, to natsuwar tasa ba ta riga ta yi saiwa ba.

Wannan ba ya nufin a yi sakaci da wuridi ko a zubar da ladubbansa. Alkawari ne, kuma mai alkawari yana cikawa. Abin da uban nan ya koya shi ne tsari da sauƙin kai. Ya riƙa shimfiɗa wa yaro ɗan tabarma kusa da buzunsa, ya ba shi tsohuwar tasbaha ta kansa. Ya riƙa gaya masa tun kafin ya fara: "Zauna nan kusa da ni, in na gama mu sha kunu tare." Wani lokaci yaron ya zauna, wani lokaci ya haye cinya ya koma barci, ana zikiri a kansa. Kuma ranar da aka yi tsawar, bayan ya gama, ya tashi ya tafi bayan rumbu ya ɗauko shi, ya rarrashe shi. Bai rage komai daga girmansa ba.

Akwai al'adar kunyar ɗa, musamman ɗan fari, wadda take hana wasu iyaye ɗaukar ƴaƴansu ko yi musu wasa a gaban mutane. Kunya alheri ce, kuma tana da kyau a gaban manya. Amma idan ta zama dalilin da yaro zai tashi bai taɓa jin ɗumin ƙirjin ubansa ba, ta wuce gona da iri. Aƙra'u ɗan Habis, shugaba daga Banu Tamim, ya ga Annabi yana sumbatar Hasan, ya ce shi yana da ƴaƴa 10 bai taɓa sumbatar ko guda ba. Amsar da ya samu ba yabo ba ce: an sanar da shi cewa rahama ana samunta ne gwargwadon yadda ake yin ta.

Madubin da ba ya ɓoye komai

Cikin ƴan makonni uba ya fara ganin kansa yana yawo a tsakar gida da gajerun ƙafafu. Yaro ya ɗauki buta ya yi alwala ta shirme, ya tsaya ya yi kabbara, ya duƙa. Kaka ta yi dariya ta ce: "Maigidana ya zama liman." Uba ya ji daɗi. Amma da yamma sai ya ji yaron yana korar akuya da tsaki da wata kalma mai muni, da irin muryar da ya sani sarai. Ya kuma gan shi ya kara guntun kara a kunne kamar wayar salula, yana cewa: "Ba na gari, na yi tafiya," alhali yana tsaye a ƙofar ɗaki. Babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa wannan. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Yaro ba ya koyon abin da aka ce, yana koyon abin da aka yi. Kuma ba ya tace wa uba mai kyau ya zubar da mummuna, duka yake kwashewa. Imamul Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, ya yi bayani a cikin Ihya'u cewa yaro amana ne a hannun iyayensa, zuciyarsa kuma tamkar tsarkakakken dutse mai daraja ce wanda ba a yi wa zane ba tukuna, tana karɓar duk abin da aka zana mata. Abin tsoron shi ne mai zanen yana zane ko da bai yi niyya ba.

Ƙaramar ƙarya ita ce ta fi yawa a tsakanin manya da yara, har ba a ɗaukarta ƙarya. "Yi shiru, gobe in sayo maka alewa." "In ba ka kwanta ba dodo na zuwa." "Yanzu zan komo," alhali tafiyar kwana ce. Abu Dawuda ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi yana ƙarami ta ce ya zo ta ba shi wani abu, Manzon Allah yana zaune a gidan. Ya tambaye ta abin da za ta ba shi, ta ce dabino. Sai ya sanar da ita cewa da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya. Uban nan ya taɓa yi wa ɗansa alkawarin ƙuli-ƙuli ranar kasuwa, ya manta. Yaron bai manta ba. Tun la'asar yana bakin hanya, da ya hango shi ya ruga ya duba hannunsa, ya duba aljihu, sa'an nan ya ɗaga kai ya dube shi, bai ce komai ba. Wanda ake son gobe ya gaskata alkawarin Allah, yau yana koyon ma'anar alkawari daga bakin ubansa.

Madubin nan kuma yana ɗaukar haske kamar yadda yake ɗaukar duhu. Sahlu ɗan Abdullahi Attustari, ɗaya daga manyan magabatan wannan tafarki, wanda ya rasu a shekara ta 283 bayan hijira, yana ɗan shekara 3 yake tashi da dare yana kallon kawunsa Muhammadu ɗan Sawwar yana salla. Kawun bai kore shi ba, bai kuma ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa ba. Ya koya masa ƴan kalmomi da zai riƙa faɗa a zuciya idan ya kwanta, masu tuna masa cewa Allah Yana tare da shi, Yana dubansa, Yana shaida a kansa. Ya fara da sau 3 kowane dare, aka ƙara zuwa 7, sa'an nan 11, har yaron ya ji zaƙinsu a zuciyarsa. Sai bayan shekaru kawun ya buɗe masa abin da ke ƙarƙashinsu: wanda ya san Allah Yana tare da shi Yana dubansa, ta yaya zai saɓa Masa? A lura da jerin: kallo ne ya fara zuwa, sa'an nan kalma kaɗan, sa'an nan bayani. Da yaron bai tarar da mai salla da dare a gidan ba, da babu abin da zai kalla.

Irin da ake tonewa kullum

Yaro ya ga ana shuka, ya ce shi ma a ba shi. Aka ba shi ƴan ƙwayoyin wake, ya binne a gefen danga. Washegari ya tone don ya ga ko sun tsiro. Ya mayar, ya sake tonewa da yamma. Kwana 3 yana haka, har waken ya lalace, ya zo yana kuka wai nasa ya ƙi fitowa. Uba ya yi dariya ya ce masa: "Iri ba ya son a riƙa leƙa shi. Ka binne, ka bar wa Allah."

Da ya faɗi haka sai maganar ta komo masa. Shekara nawa ke nan yana tone nasa irin? Ya yi zikiri wata guda, ya tsaya ya duba ko ya fara mafarkai. Ya yi shekara, ya duba ko an yi masa buɗi. Ya ji labarin wani ɗan uwa da aka yi wa baiwa, ya ji zuciyarsa ta yi nauyi. Manomi ya fi shi sanin ladabi: yana shuka bayan ruwa, ya yi noman farko, ya yi maimai, ya cire ciyawa, amma ba ya jan karan hatsi don ya yi tsawo. Hatsi yana da kwanakinsa, wajen wata 3, ya yi kara, ya yi ciki, ya fid da kai, ya yi ido. Aikin bawa shi ne shuka da noma. Tsiro ba aikinsa ba ne, kuma mai ibada don ya ga sakamako da wuri, ladan kansa yake bauta wa.

Haka abin yake ga tarbiyyar yaron kansa. Wasu iyaye suna son ɗan shekara 4 ya zauna kamar dattijo, ya haddace abin da ɗan shekara 10 yake haddacewa, in ya kasa a kai masa bulala. Shari'a ba ta yi wannan gaggawa ba. Sallar da take ginshiƙin addini ma sai a shekara 7 aka ce a fara umartar yaro da ita. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma tanƙwarawa aka ce, ba karyawa ba. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi hidima shekara 10 tun yana yaro, ya shaida cewa bai taɓa jin ko kalmar ƙosawa daga gare shi ba. Ƙanensa Abu Umair kuwa, da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi ya mutu, Shugaban halitta da kansa ya tsaya yana tambayarsa labarin tsuntsun. Baƙin cikin yaro ƙarami ne a idon babba, amma a zuciyar yaron ya cika ta fal.

Daren tsawa da daren zazzaɓi

A tsakiyar marka, cikin Agusta, hadari ya taso da dare, da iska da walƙiya da tsawa. A ranar an yi wa yaron faɗa don ya zubar da fura. Amma da aradu ta faɗi, bai tsaya tunanin faɗan ba, bai ce bari in ga ko Baba ya huce ba. Ya rarrafo cikin duhu ya shige jikin wanda ya yi masa faɗan, ya ƙanƙame shi, nan take barci ya ɗauke shi. Tsawa ba ta daina ba, rufin ɗaki bai ƙara ƙarfi ba, amma shi ya isa inda za shi.

Gazali, da yake bayanin darajojin tawakkali, ya kwatanta daraja ta biyu da halin ƙaramin yaro tare da mahaifiyarsa: bai san kowa ba sai ita, ba ya gudu wurin kowa sai wurinta, ita ce farkon abin da ke zuwa bakinsa idan ya firgita. Bawa nawa ne yake yin zunubi, sai kunya ko yanke ƙauna ta sa ya ƙara nisa, ya bar wuridi, ya bar jam'i, wai sai ya gyaru zai komo? Yaro ya fi shi fahimta. Babu wurin gudu daga Allah sai zuwa gare Shi. Kuma yaro ba ya kwana da ƙulli: a yi masa faɗa da hantsi, kafin azahar ya kawo wa mai faɗan rabin tumunsa. Babba kuwa yana iya shekara 5 ba ya gaisawa da ɗan uwansa kan iyakar gona, alhali sahu guda suke tsayawa.

Bayan ƴan kwanaki sai jarrabawa ta gaske ta zo. Damana lokacin sauro ne, zazzaɓinsa kuwa ya fi kama ƙananan yara, kuma yana iya yin muni cikin kwana guda. Da dare jikin yaro ya yi zafi kamar garwashi, ya ƙi cin komai, ya yi amai, idanunsa suka faɗa. Uba ya yi tofi, ya yi addu'a, kuma bai tsaya nan ba. Tun kafin gari ya waye sarai ya goya shi a babur zuwa gidan likita, aka ɗan soki yatsa aka auna jini, aka ba da magani. Wannan shi ne tawakkali na gaskiya. Wanda ya koyar da dogaro ga Allah, shi ne ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sa'an nan ya dogara, kuma shi ne ya yi umarni da neman magani. Kwana cikin gidan sauro, da karɓar maganin rigakafin da ake bi gida-gida ana ba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kowane wata a damana, da gaggawar kai yaro likita idan jikinsa ya yi zafi, balle in ya fara shiɗewa, duk suna cikin riƙon amana. Jinkiri da sunan tawakkali ba tawakkali ba ne, sakaci ne aka yi wa rawani.

A dararen nan da ya kwana zaune, hannunsa a goshin yaro, ya yi addu'ar da bai taɓa yin irinta ba. Babu jerin kalmomi, babu ƙawa, sai "Ya Allah" da hawaye. A nan ya gane bambancin roƙon wanda ya ƙoshi da roƙon wanda ya matsu. Ya gane kuma cewa da za a ce ya karɓi ciwon a jikinsa yaron ya tashi, da ya karɓa ba tare da shawara ba. To, wannan tausayi daga ina ya fito? Buhari da Muslim sun ruwaito daga Sayyadina Umar cewa an ga wata mata cikin kamammun yaƙi tana neman ɗanta, ta sami jariri ta rungume shi tana shayar da shi. Annabi ya tambayi sahabbai ko suna ganin za ta jefa ɗanta a wuta, suka ce a'a. Sai ya sanar da su cewa tausayin Allah ga bayinSa ya fi na wannan mata ga ɗanta. Uban ya daɗe da sanin hadisin, amma a daren nan ya ɗanɗana shi. Allah Ya ba yaron lafiya, kwana na 4 ya nemi fura da kansa.

Bashin da ba a biya

Duk tsawon jinyar, tsohuwa ba ta runtsa ba ita ma. Ta ce wa ɗanta: "Haka ka yi mini wata damana, kana kamarsa. Lokacin babu likita kusa, a ƙafa na goya ka." Ya dube ta, ga hannuwa sun yamutse, ga ido ya yi rauni. Wata 3 kawai ya yi yana abin da ta yi shekaru tana yi, har ya ji ya gaji. Alƙur'ani ya ba da labarin mutum a taƙaice: rauni, sa'an nan ƙarfi, sa'an nan rauni da furfura. Ga shi zaune a tsakiya, rauni na farko a cinyarsa, rauni na ƙarshe a gefensa, kuma ƙarfin da yake taƙama da shi aro ne na ƴan shekaru, an ba shi don ya yi wa biyun hidima. Haka kuma ya fara ganin aikin maiɗakinsa da wani ido. Abin da yake kira zaman gida, ashe ibada ce da ba ta da hutu.

Abin da ya kamata a riƙe

Hutu yana ƙarewa, farkon Oktoba makarantu su buɗe, kowa ya koma harkarsa. Yaro zai manta da mafi yawan abin da ya faru, amma abin da aka zana ya zanu. Shekarun da ɗa yake ruga wa ubansa da gudu idan ya hango shi ƴan kaɗan ne, kuma ba su komowa.

Saboda haka, ya kamata duk uba mai bin tafarki ya sanya wa ɗansa lokaci kamar yadda ya sanya wa wuridinsa lokaci, ko da ɗan zama ne bayan magariba, waya a ajiye. Kada ya yi masa alkawarin da ba zai cika ba. Ya bari yaro ya gan shi yana salla, yana gaida na ƙasa da shi, yana neman afuwa idan ya yi kuskure. Idan yaro ya tayar masa da fushi, kafin ya ɗaga hannu ya tambayi kansa: wannan fushi don Allah ne, ko don raina? Kuma kada ya ɗauki hidimar yaro a matsayin abin da ke tare masa hanya zuwa ga Allah. Idan niyya ta gyaru, wanke wa yaro jiki, da amsa tambayarsa ta goma, da kwana zaune a kansa, duk suna cikin tafiyar.

Allah Ya shiryi ƴaƴan Musulmi, Ya raya su bisa son Annabi da bin sunnarsa. Allah Ya ba iyaye haƙuri da tausayi da gaskiyar harshe. Allah Ya ba yara marasa lafiya sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga iyayensu, Ya sanya su masu ceto. Allah Ya saka wa uwaye da kakanni da mafificin alheri, Ya ba da damana mai albarka da zaman lafiya a ƙasa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Amin.